Jitar Hagu Ta Yi Shiru

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Ni ne Salisu maƙerin ƙofofi, daga Aziziyya a Jidda.

Tun zuwana garin nan na sayi wani tsohon kaset na kiɗan rok a kasuwar Bab Makka. Makaɗan ba su yi suna ba, abokaina ma dariya suke mini, amma ban taɓa jin kiɗi kamarsa ba. A waƙa ta uku jita biyu ne ke amsa wa juna, ɗaya a kunnen dama, ɗaya a hagu.

Ranar Juma'a na sa iyafis a kunnuwana don in saurara, sai na ji ta hagu shiru. Na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace. Na miƙa wa 'yata Maryam, ta saurara ta ce, "Baba, wallahi ga ta nan tana kaɗawa, da ƙarfi ma."

Hajiya, sai na gwada kaina. Na toshe kunnen dama na ce ta kira ni. Na ga bakinta yana motsi, ban ji komai ba.

Shekara goma sha biyu ina yankan ƙarfe cikin ƙarar inji. Ina tsoron in kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sani ya ce halas, aiki ya ƙare, iƙamata ta izinin zama a ƙasar ta tafi. Ina kuma tsoron kunnen dama ya bi sahu. Ko matata ban gaya wa ba.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara: likita zan fara gani, ko kafili? Ina gaida abokan aikina, su dinga toshe kunnuwansu.