Tsohon Python a Tashar Matamaye

Kwamfuta, gorar ruwa, ƙullin ƙuli-ƙuli. Da su Batulu ta taso daga Dungu, ta shiga motar Damagaram a tashar Matamaye. Shekarar fari ce, rediyon direba ba abin da yake sai sanarwar sojoji.

"Malama, kwamfutar kike wa tsaki haka?" in ji mutumin da ke gefenta.

"Gyara zan kai ta. Manhajar da ke lissafa mana ruwan rijiyoyi ta ƙi tashi, ga masu haƙa suna jira in faɗi wadda za a fara ƙara wa zurfi."

"Da wane yare aka rubuta ta?"

"Python."

"Na biyu ko na uku?"

"Malam, ɗan sanda ne kai?"

"A'a, a Dakar na sha wuyarsa. Buɗe ki duba layin farko."

Ta buɗe. "Na biyu aka rubuta."

"Ke kuma da wanne kike kiranta?"

"Na uku. Satin jiya na sa shi, wai ni wayayya."

"To kwamfutarki lafiya lau. Tsohon yana ciki, gwada da shi."

Ta gwada, sai ga sunayen rijiyoyi suna zubowa. Ta kwashe da dariya.

"Mota ta cika!" in ji direba.

Batulu ta rungumi jakarta, ta yunƙura za ta sauka.

"Haba Malama! In kin sauka sai mun sake jiran wani fa!" in ji mutumin da ke gefenta.

"Wa ya aike ka taimako?"

Ta dire, ta rufe ƙofa. "Allah ya saka da alheri. Ni kam na fasa, Dungu zan koma."