Hoton Malam Labaran a Takardar Ƙosai

A tashar Tudun Wada, muna jiran motar Doguwa ta cika, wani matashi ya gama cin ƙosai, ya ƙura wa takardar da aka naɗo masa ido, sannan ya dubi dattijon da ke gefensa.

"Baba, wannan ba kai ba ne a jarida? Ga ka nan tsakiyar masara!"

"Rage murya, ɗan nan."

"Ai abin alheri ne. An ce Malam Labaran ya bar takin zamani, kashin shanu yake zubawa, bai sare gawon gonarsa ba, ga shi bana ya fi kowa amfani."

"Ya fi kowa? Haka suka rubuta? Ni ce wa ɗan jaridar na yi ƙasa ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Ban ce na fi kowa ba."

"Har sunan ƙauyenku sun sa, da hanyar da ake bi."

"Inna lillahi! Su sun ɗauki hoto sun koma Kano. Ni a bakin daji nake kwana, da jikoki cike da gida. Ka san masu neman wanda ya fi kowa."

"Haba Baba, mutanen daji ba sa karanta jarida."

"Ni ma ba na karantawa. Amma suna cin ƙosai. Ba ni takardar nan."

"Ga ta. Sai dai fa mai ƙosan kwantan jaridar ranar ta saya tuli guda. Tun safe da fuskarka take sallamar mutane."