Cittar Emilia a Yusufari

A tashar motar Kafanchan, wata mata ta ce wa dattijon da ke kusa da ita a benci za ta kai yara Yusufari hutun Ista, wurin babansu da ke aikin asibiti.

"Yusufari da Ista?" in ji shi. "'Yata, rairayin can yana gasa ƙwai a watan. Ki bari sai Nuwamba, bayan damina."

"Baba, Nuwamba muna haƙar citta. Wa zai bar gona?"

Ya yi dariya. "Haka Emilia matata ta ce, lokacin ina koyarwa can. Da Ista ta zo, riƙe da lema da irin citta a ƙullin zane. Wai ƙasa ai ƙasa ce."

"Ta shuka a cikin rairayi?"

"A fasasshen tulu. Ruwan shanta take rabawa da cittar. Maƙwabta suna ta zuwa kallo. Da yamma mu hau tudun yashi, tana rera waƙar coci da yarenmu, raƙuma suna wucewa."

"Cittar ta fito kuwa?"

"Ganye biyu, sannan ta ƙone."

"To, ka sake kai Emilia can a Nuwamban?"

Dattijon ya daɗe yana juya hularsa. "Kullum ina ce mata sai lokaci ya yi kyau. Bara muka binne ta a Kagoro."

Kwandasta ya fara kiran fasinja.

"Baba, in fasa ke nan?"

"Ki cika jarka da ruwa, 'yata. Ki tafi da Istan."