Kwalbar da na sayo wa jikana

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni tsoho ne a garin Ƙofa, na yi makarantar boko tun ana gudun ta.

Bara matar ɗana ta haifi bakwaini. Tsofaffin mata suka tatsi nononta a ludayi, suka jefa tururuwa, ta mutu, suka ce nonon mugu ne. Duk da karatuna ban musa ba. Na je kanti a Kano na sayo kwalbar shayar da jarirai irin ta Turawa, ina taƙama. Uwar tana kuka, nono na jiƙa mata zane, na ce, "Rufe mana baki, mai nonon guba."

Ɗanyar madarar shanu muke zubawa, ta wuni a kwalbar, ƙudaje na bin bakin robar. Zawo ya kama yaron. Malamin asibiti ya yi masa allura kwana biyar, ciwon ya ƙi jin magani, yaron ya rasu. Malamin ya sansana kwalbar, ya ce, "Baba, wannan ce ta kashe shi. Nonon uwarsa lafiya lau yake."

Bayan kwana uku ɗana ya dire kwalbar a bakin gadona, ya ce, "Ga jikanka nan, Baba, ya yi jinyarka." Shi da matarsa suka tashi zuwa garin Doguwa. Yanzu ciwo ya kwantar da ni, ba mai kula da ni, ko ruwan sha sai na rarrafa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Da wane baki zan roƙi yarinyar nan gafara? In tana ji, ina gaishe ta.