Ƙafafun Baya Thoya

Mai girma shugaban unguwa, dattawan Malindi, Mama Dama da 'ya'yan marigayi, sai kuma ku masu kwat da kuka kame kujerun gaba: sannunku da zuwa.

Ni ne Kenga masunci. Da furfurata na shiga ajin yamma, don haka ku yi haƙuri da karatuna.

Baya Thoya ya kasance ginshiƙinmu. Shekara talatin yana kwanciya rigingine a bakin teku, yana ɗaga yaranmu a tafin ƙafa, yana juya su daga kwance zuwa zaune, daga zaune zuwa kai ƙasa, kamar ruwa na gangara. Ya kasance yana cewa, "Tsayawa cak ai ko turmi ya iya. Wajen juyi ake faɗuwa." Ya kasance ba ya ɗaga kowa sai da mai tara a gefe, hannu a buɗe, don ya cafe yaro in ya faɗo.

A kan haka aka kore shi daga wasan da ake yi wa baƙi a otal. Ga wanda ya kore shi can, Bwana Ngumbao, yana goge busasshen ido da hankici. Cewa ya yi, "Tsoho, mai tararka na ɓata wa baƙi hoto."

Wata uku bayan haka jikata Nyevu ta suɓuce wa 'yan wasan otal ɗin a tsakiyar juyi, babu mai tara, ƙugu ya goce. Ko ayaba ba su kai mata asibiti ba.

Mama Dama, mijinki ne ya riƙa zuwa gidana kullum da safe. Nyevu ta ce, "Baba, na daina." Ya ce, "Ke matsoraciya, ɗora min hannu kawai." Shekara guda ana haka. Kwana tara kafin ya rasu ta yi juyin nan a ƙafafunsa, daga farko har ƙarshe, ni ne mai tara. Jama'a, ku yafe min, a taron makoki nake amma murna ta cika min ciki!

Jiya Bwana Ngumbao ya aiko wai Nyevu ta koma otal, a yi wasa da sunan marigayi. Na tambaye ta. Ta ce, "Kaka, ka ba shi amsa a gaban mutane."

To Bwana, ba ta zuwa. Gobe da safe tana bakin teku da yaran Baya. In kana so ka zo, akwai gurbin mai tara. Sai dai ka cire kwat.

Mun gode muku. Allah ya tare Baya kamar yadda ya tare mana 'ya'yanmu. Amin.