Soron Baba Takama Ya Faɗi Ban Sa Masa Fata Ba

Assalamu alaikum wa rahamatullah. Mai girma shugaban taro, wakilan sarakuna, malamai, iyayena maza da mata, 'yan uwa da kuka taso daga Malbaza, Illela da Badagishiri, da ku mutanen Konni, ina gaishe ku.

Ni ne Iliyasu, mai koyar da zane a wannan ɗakin ordinater, wato kwamfuta, da muka taru yau domin rufe shi. Na gode wa ƙungiyar matasa da ta riƙe shi shekara huɗu. An ce in faɗi nasarorinmu. Ku gafarce ni, abin da ya gagare ni zan faɗa.

Da farko, akwai wani tsohon magini a Badagishiri, Baba Takama, wanda ya gina soron ƙasa da ado a bangonsa, adon da ya zana da yatsunsa tun laka tana ɗanya. A shekarar 2006 soron ya fara tsagewa. Na yi masa alkawari zan gina irinsa cikin ordinater, a juya shi gaba da baya, a shiga zaurensa, jikoki su gani.

Na biyu, siffar soron a cikin ordinater ba ta ba ni wuya ba. Na auna, na tayar da bango, na ɗora rufi. Abin da ya gagare ni shi ne fatar bangon: launinsa, kaushinsa, yadda yake shan hasken rana. Na ɗauki hoto uku da tsakar rana, na shimfiɗa su a kan siffar. Suka miƙe, suka karkace, adon ya yi ta maimaita kansa kamar zanen atamfa, bangon yana ƙyalli kamar bokitin roba. Na tambaya a Konni, ba wanda ya sani. Na rubuta tambaya a intanet da Faransanci, mako uku ba amsa.

Na kira Baba Takama ya gani. Ya daɗe yana duban gilashin ordinater, sannan ya ce, "Malam, wanga ba ginina ba na. Ina ciyawar da na kwaɓa cikin lakar? Ina sawun hannuna?" Na ce, "Baba, a ƙara mini lokaci." Ya ce, "Damina za ka roƙa."

Na uku, ga abin da ke cin raina. Bara wata ɗalibar zanen gine-gine, Mariama, ta zo hutu daga Yamai. Kafin la'asar ta nuna mini komai: a buɗe fuskokin siffar kamar yadda ake shanya fatar rago, a rage ƙyallin, a ɗauki hotunan bango da yawa da sassafe, kafin rana ta jefa inuwa. Ta ce, "Malam, mu je gobe mu ɗauka." Amma babu sauran abin ɗauka. Soron ya rushe wata biyu kafin zuwanta, Baba Takama kuma ya rasu bayan girbi. Darasin yini ɗaya ne, jama'a, yini ɗaya, na nemi mai koya mini shi shekara guda ban samu ba.

Yau ana rufe ɗakin, ɗalibaina tara sun watse. Ba na tsammanin za a sake buɗe shi, kuma ba zan ruɗe ku ba. Roƙona ɗaya ne: wanda ke da tsohon gini a garinsu, ya ɗauki hotonsa bana, kusa da kusa, da safe. Mai yiwuwa bayanmu a sami wanda ya iya.

Allah ya jiƙan Baba Takama, ya yafe mini alkawarin da ban cika ba. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.