Ɗakin Jegon da Na Toshe da Hannuna

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu, ku iyaye mata da 'ya'yana na zumunta. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Hannatu, ko da yake Kaka kuke ce mini. Karatuna bai wuce ajin yamma na coci ba, ku yi haƙuri da yadda maganar za ta fito. Matar fasto ce ta ce in tsaya in faɗa, don masu ciki sun yi yawa a cikinmu bana. Allah ya sauke ku lafiya.

Na zo Libreville lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe a ƙasar nan, ko'ina ka juya gini ake yi. Ɗana na fari, yau dai zan kama sunansa, Ishaya, yana tuƙa kamiyo, babbar motar nan, yana ɗauko kaya daga Ntoum zuwa wuraren gini. Da matarsa Rifkatu ta samu cikin fari, sai ya aika aka ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau in yi mata jego.

Na zo da ƙullin kanwa, da kaskon wuta, da girman kai. A gida ni ake kira idan mace ta sauka. Ban taɓa tunanin akwai abin da wani zai koya mini a kan mai jego ba.

Gidan da suke haya na bulo ne da siminti, da silin a sama, da taga ta gilashi mai hawa-hawa. A bayansa akwai wani rafi mai baƙin ruwa. Ruwan sama kuwa ba ya gajiya a garin nan, kun sani. Takalmi ya yi fumfuna, zane ya ƙi bushewa, bango kansa yana gumi. Na ce a raina, wannan ƙasa sanyi ce zalla, kuma sanyi shi ke kashe mai jego.

Rifkatu ta sauka lafiya a lopital, wato asibiti, ta samu 'ya mace. Muna dawowa gida na kama aiki. Na kwaso duk akwatunan gidan da buhunan kaya na jera su jikin tagar ɗakinta. Na cusa tsumma a kowace kafa ta gilashi. Na liƙe ramukan iska na saman bango da takardar buhun siminti. Sannan na hura gawayi a kasko na tura ƙarƙashin gadonta na ƙarfe, yadda muke ɗumama gadon ƙasa a gida. Na manta ɗakinmu na gida jinka ce a kansa, hayaƙi yana da hanyar fita. Wannan kuwa tulu ne mai murfi.

Da farko na ji daɗi. Ɗaki ya yi ɗumi, yarinya tana ta barci, kumatunta ja wur, gwanin kyau.

Sai abubuwa suka fara.

Wata safiya na shiga shara, na tarar da tsaka a ƙasa, ta faɗo daga bango, matacciya, ba rauni a jikinta. Washegari na share wasu. Kyankyasai ma na same su a kife a gindin gado. Kyanwar gidan da ta saba kwana a kan akwati ta daina shiga. Sai ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta zuba wa cikin ɗakin ido, ta juya.

Fitilar kananzir da nake kunna musu, saboda ɗakin ya koma duhu ko da rana, sai harshenta ya riƙa ƙanƙancewa kamar ana danne shi da hannu. In na fito da ita waje ta tashi. In na mayar ta sunkuya.

Rifkatu ta ce, "Mama, kaina kamar ana buga turmi a ciki."

Na ce, "Jego ne. Sha kununki."

Bayan kwana kaɗan ta riƙo bakin zanena, ta rage murya. "Mama, akwai wata mata da take tsayawa a lungun can, bayan akwati. Ba ta cewa komai. Kallon yarinya kawai take yi."

Na yarda da ita. Don ni ma, duk lokacin da na daɗe a ɗakin, sai in ji ƙafafuna sun yi nauyi, kunnena yana ƙugi, kamar wani yana numfashi a bayan wuyana. In na fita tsakar gida sai in warware. Na ce shi ke nan, akwai mai zama a ɗakin nan ban da mu.

'Yan'uwa, ga inda na fi jin kunya. An yi mini baftisma tun Ishaya yana goye, amma da tsoro ya zo ban nufi wurin Yesu ba. Na buɗe ƙasan akwatina na ɗauko wata tsohuwar laya da kakata ta ba ni, wadda na ce wa kowa na ƙone. Na tura ta ƙarƙashin matashin yarinya, na ajiye wuƙa a saitin kanta. Na ƙara gawayi, na zuba turare a kai.

Kuma na nemi wanda zan ɗora wa laifi.

Maƙwabciyarmu wata Hajiya Dije ce, mutuniyar Garwa, tana sayar da atamfa a kasuwa. Mace mai barkwanci, ta girme ni kaɗan. Kullum da yamma sai ta leƙo da ɗan farfesu a kwano.

Ran nan ta ce, "Ke 'yar Zazzau, jego kike yi ko gasa kifi? Tun daga ƙofa zafi ya mare ni."

Na ce, "Hajiya, kowa da irin na garinsu."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta ɗauke. Ta karkata kai tana saurare. "Maman Ishaya, bangonmu ɗaya da ku. Na kasa kunne, ban ji kukan yarinyar nan ba tun shekaranjiya. Jariri ba ya shiru haka. Ki buɗe musu taga mana."

Maimakon in ji shawara, sai na ji wani abu dabam. Me ya sa take kasa kunne ga kukan jikata? Me ya sa take son in buɗe taga? Na tuna matar da Rifkatu ke gani a lungu. Na dubi idon Hajiya, sai na ga kamar ya yi ja. Allah ya gafarta mini, na yanke a zuciyata mayya ce. Na zubar da farfesunta a rafi. Da ta sake zuwa na ce, "Mai jego tana barci," na rufe ƙofa a fuskarta.

Ishaya yana kan hanya, sai ya yi kwanaki bai shigo ba. Da ya zo ya ce, "Mama, ɗakin nan bai yi zafi da yawa ba?" Na ce, "Kai ka haife ni ko ni na haife ka?" Ya sunkuyar da kai ya koma aikinsa.

Ranar da abin ya faru, da azahar ne. Hadari ya taso daga teku, gari ya yi duhu, ruwa ya kece. Na ce yau sanyi zai shigo da ƙarfinsa, ita ma matar lungun can za ta biyo shi. Na cika kasko da sabon gawayi, na shiga ɗakin, na sa sakata, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Na zauna a ƙasa ina gadi.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ƙarar ruwa a kan kwano ta fara nisa, kamar a wani gari ake yinsa. Fitila ta sunkuya har ta zama kamar ƙwayar gero, ta mutu. Na kira Rifkatu, ba ta amsa ba. Hannunta yana lilo a gefen gado. Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka ƙi.

Sai na ji ana buga ƙofa. "Maman Ishaya! Buɗe! Buɗe, don Allah!"

Muryar Hajiya ce. Na ce ga ta nan ta zo ɗauka. Na dubi lungun bayan akwati, wallahi na ga abin da Rifkatu ke gani, wata inuwa doguwa a tsaye, ba fuska.

Na lalubi layar ban kai gare ta ba. Wuƙar ma ta yi mini nisa. Babu abin da ya rage mini sai suna ɗaya. Bakina ya yi nauyi, amma na ce, "Yesu! Yesu, na ɓoye maka abu a akwati, na sani. Kada ka kama yaran nan da laifina. Nuna mini abin da zan yi."

Sai na kife a ƙasa, fuskata a gindin ƙofa. Bugun da Hajiya ke yi ya sa tsumman ya ɗan zame. Wani siririn haske ya shigo, da iska mai sanyi, daidai hancina. Na shaƙa. Na sake shaƙa. Kaina ya ɗan washe. A nan na ji magana a cikin zuciyata, a fili kamar yadda kuke jin tawa: abin da kike tsoro a waje shi ne ransu, abin da ke kashe su ke kika hura shi. Buɗe.

Na rarrafa, na kama sakata da hannu biyu, na ja.

Hajiya ta faɗo ciki jiƙe sharkaf. Ba ta ko dube ni ba. Ta suri yarinya ta fita da ita cikin ruwa, tana murza bayanta, tana hura mata fuska. Ta ƙwala wa maza kira, suka zo suka fito da Rifkatu, wani ya shure kaskon zuwa tsakar gida, ruwa ya kashe shi.

Ni ma na rarrafo waje, ina kwance a laka ina kallon jikata a hannun matar da na kira mayya. Jikin yarinya a sake, ba motsi. Sai ta yi wata 'yar atishawa. Sai ta buɗe baki ta tsala kuka!

Haleluya! Ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan kukan ba!

A lopital suka ce gubar gawayi ce, ba ta da wari, ba a ganinta, tana sa mutum ya ga abin da babu kafin ta tafi da shi. Suka duba ƙafafun Rifkatu da suka kumbura, suka ce kanwar da nake ɗura mata tana wahalar da zuciyarta. Wannan ma aikina ne.

Da muka dawo na ƙone layar a gaban ɗana. Na je na durƙusa wa Hajiya, na faɗa mata abin da na zarge ta da shi. Ta ce, "Ni mayya? Da waɗannan haƙoran nawa da ko tsire ba sa iya ci? Tashi, 'yar Zazzau. Kwanon farfesuna kawai za ki dawo mini da shi." Ta share mini hawaye da gyalenta.

To, 'ya'yana masu ciki, ku ji daga bakin wadda ta yi kuskure. Tun ciki bai tsufa ba ku haɗa kayan haihuwa a jaka ɗaya, ku rataye kusa da ƙofa. Ɗakin mai jego ba rumbu ba ne, ku fitar da akwatuna, ku bar taga tana buɗuwa. Gawayi a waje yake zama, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai saɓule fata ba. In ƙafa ta kumbura, ko kai ya matsa da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ku tafi lopital, kada wata tsohuwa irina ta ce muku jego ne. In jariri ya yi shiru har ya ƙi tashi shan nono, kada ku ce yaron kirki ne. Ku tashe shi, ku nemi taimako. Kuma in maƙwabciya ta yi muku magana, ku saurara, ko ba addininku ɗaya ba. Ubangiji yana aiko wanda ya ga dama.

Yarinyar nan ita ce Godiya, ga ta can cikin 'yan waƙa tana ɓoye fuska.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na binne su da hannuna ba. Ku dogara gare shi, ku kwashe duk abin da kuka ɓoye masa a ƙasan akwati.

Ina ganinku ran Lahadi, da yaro ya fara kuka sai uwa ta suri shi ta yi waje da kunya. Ke 'yata da ke tsaye a bakin ƙofa yanzu, dawo ki zauna. Bar shi ya yi kukansa a nan, ina so in ji. Amin.